Gidan da Baba Ya Sake Ginawa a Cikin Wasan Harbi

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baba ya koma ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kan bencin ƙofar shagonsa da sukundireba a hannu. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce ya ɗauka gyangyaɗi yake yi, har ya tsokane shi, "Maigyara, tun yanzu?" Da bai ji an rama ba ya san ba lafiya, don Baba bai taɓa barin tsokana ta kwana a kansa ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

An cika wajen zaman makoki fiye da yadda na zata. Daga Baure aka zo, daga Dutsi aka zo, har da wani tsohon makiyayi da ya shigo rungume da rediyonsa, ya ce shekara da shekaru hannun mutum ɗaya ne ke taɓa ta, yanzu bai san inda zai kai ta ba. Kowa ya buɗe baki sai ya yabi Baba. Amma yabon yana da jela. "Mutumin kirki ne, sai dai wasan nan." Wata tsohuwa a ɗakin mata ta dafa ni ta ce, "Allah ya yafe masa wasan yaran nan da ya ɗora wa kansa da furfurarsa." Wallahi ji na yi kamar in tashi in nuna mata ƙofa. Na haɗiye, na ce amin. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk abin da suka faɗa a bayan idonsa, ni na faɗa masa wanda ya fi shi muni a gaban idonsa.

Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ya sa nake rubuta wannan, don idan na bar wa masu "sai dai" labarinsa, jelar za su riƙe su yar da mutumin.

Baba mai gyaran rediyo ne tun yana saurayi. Da zamani ya juya ya koma talabijin, daga baya ya je Kano ya koyi gyaran kwamfuta a wajen wani yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba. A cikin wata tsohuwar kwamfuta da aka kawo masa gyara ya tsinci wasan. Irin wanda ba ka ganin kanka, sai hannunka da bindiga a gaba, kana bin lunguna, dodanni na fitowa kana harbi. Tsohon wasa ne, ko a lokacin an daina yayinsa. Harbin bai dame shi ba, shi ginin ya kama shi. Da ya gano cewa mutum zai iya buɗe cikin wasan ya gina nasa lungunan da nasa ɗakunan, ya sa nasa sauti, shi ke nan, an gama da Baba. Abin da suke ginawa suna kiransa taswira. Su kuma masu yin ya sa musu suna magina. "Mu magina ne, Uwata," haka yake cewa. "Bambancinmu da masu laka, mu damina ba ta cin bangonmu."

Ashe irinsa suna da yawa a duniya, warwatse a ƙasashe, yawancinsu ma ba yara ba ne. Sau ɗaya a shekara suke taro ta intanet, kwana uku. Ba zaure, ba kujera, kowa na gidansa. Ana ba magini awa guda, wani gwani ya shiga taswirarsa ya buga kowa na kallo, ana rubuta sharhi a gefe, ana tambayarsa yadda ya yi kaza da kaza. Ranar taron Baba yakan yi wanka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya shafa turare. Turare fa! Na ce, "Baba, ta kyamara za su ji ƙamshin?" Ya ce, "Ni zan ji, kuma taron mutane zan je." Yakan sayi man janareta tun ana jibi, ya ɗaura wayarsa a saman wata gora a bayan shago, wai a nan sabis ya fi zama. Da Turancinsa na kanikawa yake hira da su, bai taɓa jin kunyarsa ba. Sun tambaye shi yadda za su kira dattijo a garinsu, ya ce Kawu. Tun daga nan mutanen da ba su san inda Daura take ba suke ce masa Kawu.

Yana da wata ɗabi'a da duk unguwa ta sani. Idan ka faɗo masa shago ba sallama, ko wuta ce ke cin rediyonka, zai nuna maka ƙofa da sukundireba ya ce, "Koma ka shigo." Manyan mutane sun koma sun shigo. Shi kuma ko ɗakin cikin gidansa zai shiga, sai ya tsaya ya yi sallama ya jira, ya sake, ya jira, har sau uku. Inna, mahaifiyata, takan yi masa shiru da gangan don ta ji ta ukun, sannan ta amsa tana dariya. Wata ɗabi'ar kuma, duk rikodar da ya gyara a gida yake gwada ta. Zai danna ya ajiye a tsakar gida ta ɗauki duk abin da ake yi, daka, kukan akuya, faɗan yara. Inna ta ce, "Malam, kashe abin nan, kana tara mana shaidu." Kasusuwan nan na kaset sun cika masa kwali biyu, ba wanda ya taɓa kula su.

Faɗanmu da shi a kan gida ne. Gidan kakanmu, inda aka haifi Baba da yayansa Baffa da ƙanwarsu Gwaggo, inda aka haife ni, inda Inna ta yi jinyarta ta cika a ɗakinta na gabas. Shekara biyu bayan rasuwarta aka zo faɗaɗa hanya, gidan ya faɗa cikin layin da aka ja. Ina makarantar horon malamai a Katsina a lokacin. Ba wanda ya gaya min, wai kada a ɗaga min hankali ina jarrabawa. Na sauka a tasha, na hau babur, mai babur ya bi da ni ta kan kwalta sabuwa fil, ya wuce ta kan ɗakin uwata ban sani ba. Sai da ya tsaya yana tambayata ina ne gidan.

Na sami Baba a shago, a gaban kwamfuta. Ban yi sallama ba, kuma ranar bai ce in koma ba. Na ce, "Baba, ko hoto ɗaya ba ka ɗauka ba? Kana da kyamara, kana da komai, ka zauna kana gina wa dodanni gida, ɗakin matarka na zuwa ƙasa!" Na ce da shi mutane na dariyarsa a gari. Na ce Inna ta mutu da takaicin wasan nan, wanda ƙarya ne, ni na ƙirƙira a take don ya ji zafi. Ya ji kuwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Kin ci abinci, Uwata?" Iyakar amsarsa ke nan. Daga ranar bai ƙara yi min maganar taswira ba, ni ma ban ƙara leƙa allon kwamfutarsa ba. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa lafiya lau, ina kai masa jikoki, yana ba su alewa, maganar nan na kwance a tsakaninmu ba wanda ya ɗaga.

Telan ne ya gaya min a zaman makoki cewa kwana uku kafin a rushe gidan, Baba ya rufe shago ya yi ta zagaya shi yana ƙirga taku, yana rubutawa a bayan kwalin batir. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi. Na ji labarin, ban gane komai ba, na ce Allah sarki.

Ranar sadakar uku wayar Baba ta yi ƙara a jakata. Saƙo ne daga wata mata cikin masu shirya taron. Tana cewa, Kawu, Asabar ta sama ce ranarka, har yanzu ba mu ga taswirar ba, ka turo kafin Alhamis. Na rubuta mata cewa Kawu ya rasu. Kafin in ajiye wayar saƙonni suka fara zuba, daga mutanen da ban san ko sunan ƙasarsu ba. Wani ya ce lokacin da ya rasa aiki Kawu ne ya riƙa tambayarsa kullum ko ya ci abinci. Na karanta wannan sau uku. Matar ta ce shekaru yana gaya musu akwai wata taswira da yake ginawa wadda bai nuna wa kowa ba, bana ne ya ce ta kammala. Ta ce ba za su ba kowa awarsa ba. Idan mun turo za a buga, idan ba mu turo ba za su bar allon baƙi har awar ta cika.

To, a wannan yammacin Baffa ya kira ni zaure. Baffa malami ne, mai karantar da manya bayan asuba, mutum mai tsoron Allah da gaske, kuma ya fi kowa kuka a maƙabarta. Ya ce, "Uwata, abin da mutum ya bari yana gudana bayansa yana iske shi a kabari, alheri ne ko akasinsa. Ni ban san abin da ke cikin akwatin nan ba, amma na san harbi ne da siffofin aljanu. Ba zan so ƙanena yana kwance ana ta buga masa wannan ba. Na yi magana da wani, washegarin sadakar bakwai zai zo ya goge komai, a ba makarantarku kwamfutar ta zama sadaka."

Washegarin bakwai Laraba ce. Taswirar kuma babu ta a ko'ina a duniya sai cikin akwatin nan. Ban iya yi wa Baffa musu ba, don ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, kuma in faɗi gaskiya, rabin zuciyata na tare da shi. Kwana huɗu ina juya maganar. Ranar Talata na same shi na durƙusa na ce, "Baffa, abu ɗaya nake roƙo. Kada mu goge abin da ba mu gani ba. Mu duba tare, in ka ce a goge, ni da hannuna zan danna." Ya ce to.

Muka buɗe shagon bayan azahar, ni da Baffa da Gwaggo. Babbar rigar Juma'ar na rataye a ƙusa, an riga an goge ta. Matar can ta bi da ni ta waya har na gano inda taswirar take. Iyakacina da kwamfuta buga tambayoyin jarrabawa, don haka da wasan ya buɗe sai na yi ta karo da bango kamar makauniyar tunkiya. Farkonsa daji ne da dodanni, Baffa ya kawar da kai yana istigfari. Na ruga a guje, ban harbi ko ɗaya ba, na faɗa wani lungu. Sai ga dakali. Sai ga ƙofar zaure mai ƙusoshi, da tsagin nan a gefen hagu inda akuya ta taɓa maƙalewa. Ina sa ƙafa a zauren bindigar ta ɓace daga hannuna, kukan dodannin ya yanke, aka fara jin daka daga cikin gida.

Gwaggo ce ta fara magana. Ta ce, "La ilaha illallahu. Yaya, gidanmu ne."

Baffa ya matso da kujera har gemunsa na taɓa allon. Ya ce in bi dama. Ya ce in tsaya. "Ba nan rijiyar take ba," ya ce, sannan ya ƙirga da yatsa daga bishiyar darbejiya, ya ce, "A'a, nan take. Nan take wallahi." Ga rumbu, ga turken da ya karkace, ga matakalar soro da ta uku ta guntule, wadda Baffa ya faɗo daga kanta yana yaro har yau da tabon a haɓarsa. Ya kai hannu ya shafa tabon bai san ya yi ba. Muka shiga ɗakin kaka, muka shiga madafi. Gwaggo na kuka tana dariya tana cewa ko tukunyar da ta fashe bai manta ba.

Ni kuwa gabas na nufa. Ƙofar Inna na nan, da labulenta mai ruwan ganye. Na danna maɓallin buɗewa, ba ta buɗe ba. Na sake dannawa, na sake, na yi ta bugu har Gwaggo ta ce zan fasa abin. Ko motsi. Raina ya ɓaci irin na wancan ranar. Na ce a zuciyata, ka gina turken akuya, ka gina fasasshiyar tukunya, ɗakinta kuma ka liƙa hoton ƙofa a bango ka wuce. Mutum na kabari kwana bakwai ina sake faɗa da shi. Na juya na bar bakin ƙofar.

Baffa ya daɗe zaune. Da ya miƙe ya ce, "Wannan ba wasa ba ne, zumunci ne. Tura musu." A bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, "Dodannin dai da ya rage su."

Ranar Asabar bayan la'asar muka koma shagon. Telan ya tayar da janareta, ya ɗaura wayar a gorar Baba. Baffa ya zo da babbar riga, na lura har da turare. Matar ta buɗe awar da cewa yau Kawu ba ya nan amma iyalinsa na nan. Rubutu ya yi ta gudu a gefen allo, Kawu, Kawu, Kawu, wasu da haruffan da ban iya karantawa ba. Wanda aka ba bugun wani gwani ne mai furfura a gemu, ya ce shekara tara yana buga taswirorin Kawu. Ya share dajin nan cikin minti kaɗan. Da ya shiga zaure bindiga ta ɓace, ya yi dariya ya ce wannan aikin Kawu ne. Ina fassara wa su Baffa, suna gaya min sunan kowane lungu ina rubuta wa mutanen.

Al'adar maginan ce kowace taswira a ɓoye wani wuri a cikinta, kuma wasan kan nuna saura nawa ba a gano ba. Gwanin ya zagaye gidan kaf, ya duba, ya ce saura ɗaya. Na matso kusa da allon. Ya koma ƙofa mai koren labule ya danna, shiru. Ya naushe ta. Ya ja da baya ya rugo ya banke ta. Ya leƙa rijiya ko akwai makulli, ya hau soro ya duba ta sama, ya dawo ya ci gaba da bugu. Masu kallo na ta ba da shawara, wannan ya ce a taɓa tukunya, wancan ya ce a zagaya rumbu sau uku. Matar ta ce saura minti shida, bayan mu akwai wani magini na jiran awarsa. Gwanin ya ce wataƙila Kawu bai kai ga gama wannan ba.

Baffa, wanda tun ɗazu yake ta motsi a kujera, ya buga cinyarsa ya ce, "Kai! Wai mutanen nan ba su iya sallama ba ne? Ɗakin matar aure ne fa yake ta duka kamar ɗan sanda! Uwata, ce masa ya tsaya."

Na rubuta: ka tsaya a bakin ƙofar, ka cire hannunka daga komai, ka jira. Gwanin ya karanta, ya ɗaga hannuwansa biyu sama don mu gani. Allon ya tsaya cak. Ba abin da ake ji sai daka daga nesa da ƙarar janaretanmu. Ban san lokacin da bakina ya fara ba. Assalamu alaikum. Na jira yadda Baba ke jira. Assalamu alaikum. Gwaggo ta kama hannuna. Ban rufe baki a ta ukun ba labulen ya zame gefe.

Sai murya ta fito, da shuuu ɗin tsohon kaset a bayanta, da 'yar dariyar nan a ƙarshe.

"Wa alaikumus salam. Ke ce? Shigo mana, kin tsaya a rana."

Shekara goma sha uku rabona da muryar Inna. Na san ma ranar da rikoda ta ɗauki muryar nan, na dawo daga makarantar allo ne ina fushi na ƙi shiga. A cikin kwali biyu na kaset Baba ya zauna ya tono wannan, ban san wata nawa ya yi yana nema ba.

Gwanin bai san me aka ce ba, amma bai shiga da gudu ba, a hankali ya taka. Ga gadonta mai rumfa, ga jeren kwanoninta, ga dardumar sallarta a ninke a inda take ajiyewa, ga taga da hasken hantsi. Rubutun gefen allo ya tsaya. Matar ta tambaya a hankali ko zan fassara musu. Na kasa. Baffa ne ya ce, "Ce musu an ce su shigo."

Ban sani ba ko don ni ya gina ƙofar haka, ba ta buɗewa sai an tsaya cak an jira tsawon sallama uku, ko kuwa shi dai bai iya gina ƙofar da ake faɗa wa ba sallama ba. Abin da na sani, ya san 'yarsa. Ya san zan zo in yi ta bugu. Da na taɓa tsayawa a bayansa sau ɗaya cikin shekarun nan na ce, Baba, me kake ginawa, da shi da kansa ya kai ni, da na samu bakin cewa ya yafe min ƙaryar da na yi masa a kan Inna. Ban tsaya ba, kuma wannan zan tafi da shi.

Kwamfutar na ɗakina yanzu. Baffa ya saya wa makarantarmu wata da kuɗinsa, ya ce sadakar ba za ta faɗi ba. Tsohuwar nan mai cewa wasan yara ta zo da kanta ta ce a nuna mata zauren, don a nan aka ɗaura aurenta. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a gidan da ba a ja masa layi. Ya yafe masa, ya yafe min.

Ranar Juma'a idan na dawo daga aiki nakan kunna. Har yau ban iya harbi ba, da gudu nake ratsa dajin. In na isa ƙofar sai in ɗauke hannuna in ɗora a cinya, in yi sallama sau uku, in jira a amsa.